Kiret Ɗin Ƙwai a Cikin Rumbun Bayanai

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin dillalan ƙwai a nan Jos da sassafe, lokacin da ake yi wa motocin Kano da na Abuja lodi, ya ga wani abu ko da bai lura ba. Dillali ba ya ƙirga ƙwai ɗai-ɗai. Kiret yake ƙirgawa. Gurbi talatin ne a kowane kiret, kuma da kallo ɗaya zai ce maka wannan cike yake, wancan ya rasa biyu, na can ƙarshen kuwa babu komai a ciki. Da zai ce sai ya ɗora yatsa a kan kowane ƙwai, da har rana ta take mota ba ta tashi ba.

Da wannan misali na amsa wa wata ɗalibar jami'a da ke sanin makamar aiki a ofishinmu, ranar da ta buɗe asalin kod ɗin PostgreSQL ta ci karo da wani fayil mai suna bitmapset.c. PostgreSQL manhajar rumbun bayanai ce da kowa ke da damar karanta kod ɗinta kyauta, wato rubutattun umarnin da aka gina ta da su, kuma da ita muke yi wa yawancin abokan cinikinmu aiki. Ta karanta fayil ɗin, ta duba tarihin gyare-gyaren da aka yi masa, sai ta juyo ta ce, "Yaya, wai me ya sa manyan masana ke ta komawa kan wannan ɗan fayil shekara da shekaru? Aikinsa fa bai wuce riƙe 'yan lambobi ba." Na ce, "Ƙanwata, jawo kujera." Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, domin a amsarta ake gane inda saurin manhaja yake fitowa.

Mafi ƙanƙantar abin da kwamfuta ke iya tunawa shi ne bit, wato gurbi ɗaya da ko dai akwai abu a cikinsa ko babu, 1 ko 0. A ce kana so ka riƙe wani rukunin lambobi, misali 1 da 3 da 4. Abin da zai fara zuwa wa kowa shi ne ya rubuta su a jere, ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya hanyar ita ce ka jera gurabe, ka ba kowanne lamba tun daga sifili, duk lambar da ke cikin rukuninka ka sa ƙwai a gurbinta. Masu kod daga dama suke fara ƙirga guraben, don haka rukunin namu zai fito haka: 00011010. Wannan ita ce taswirar bit. Ba a rubuta lambar kanta ko kaɗan, matsayin gurbin ne ke faɗin ta.

Ribar abin daga ƙirar firosesa take, wato sashen kwamfuta da ke yin lissafi. Firosesar kwamfutocin yanzu tana ɗaukar bit 64 a damƙa ɗaya ta yi musu aiki da umarni ɗaya. Kiret ɗinta ke nan, mai gurbi 64 maimakon talatin. A cikin kod "kalma" ake ce masa, amma ni zan ci gaba da cewa kiret. In kana neman inda lamba 200 take, sai ka raba ta da 64, ka sami 3, saura 8. Kiret mai lamba 3, gurbi mai lamba 8. Kai tsaye ake zuwa, ba sai an bi jeri ana dubawa ba.

To, kawo rukuni na biyu: 3 da 4 da 6, wato 01011000. Kana son sanin lambobin da rukunan biyu suka yi tarayya a kansu? Akwai umarni mai alamar &, wanda ke barin 1 a gurbi kawai idan 1 ne a nan, 1 ne a can. Zai ba ka 00011000, wato 3 da 4. Kana so ka haɗe su wuri ɗaya? Umarni mai alamar | zai ba ka 01011010. Kana so ka cire na biyu daga na farko? Ka juya guraben na biyu, 0 ya koma 1, 1 ya koma 0, sannan ka yi &, sai lamba 1 kaɗai ta rage. Umarni ɗaya ko biyu, an gama da lambobi 64 gaba ɗaya. Da a jere aka rubuta su, sai an bi jerin biyu ana kwatanta lamba da lamba.

Inda ake buƙatar wannan saurin shi ne wurin mai tsara hanya. Idan ka aika wa rumbun bayanai tambaya, ba nan take yake fara ɗebo amsa ba. Wani sashe na manhajar ne ke fara zama ya auna ta inda za a bi. A ce tambayar ta shafi teburin manoma (tebur shi ne jerin bayanai layi-layi a cikin rumbu), da na buhunan da suka kawo, da na kasuwanni, da na biyan kuɗi. Wane za a fara haɗawa da wane? Amsar ƙarshe ɗaya ce duk inda aka bi, amma wata hanyar ta daƙiƙa ce, wata kuma sai ka sha shayi ka dawo ba ta gama ba. Dabarar da ake bi, ta gina haɗin tebur biyu-biyu, sannan uku-uku, ana ajiye mafi araha a kowane mataki, ta samo asali ne daga aikin Patricia Selinger da abokan aikinta a kamfanin IBM a 1979. PostgreSQL na ba kowane tebur da ke cikin tambaya lamba, kuma kowane haɗi ana gane shi ne da rukunin lambobin teburan da ke cikinsa. A kowane taku sai an yi 'yan tambayoyin nan: shin waɗannan haɗe-haɗe biyu sun yi tarayya a kan wani tebur? Shin duk teburan da wannan sharaɗi ke buƙata sun hallara a nan? Shin na riga na gina wannan haɗin ta wata hanya? Kowace tambaya aiki ne a kan taswirar bit.

Yawan su ne abin dubawa. Tebur 10 na iya ba da rukuni har 1,023. Tebur 20 ya haura miliyan ɗaya. Shi ya sa ma idan abubuwan da za a haɗa suka kai 12, PostgreSQL kan bar binciken ƙwaƙƙwafi ya koma wata dabarar gwaji da zaɓe wadda ba ta duba kowace hanya. Ko a ƙasa da haka, ana kiran 'yan ayyukan nan ba adadi kafin a ɗebo layi ɗaya daga tebur. Da yayyafi kogi kan cika.

Ni kaina na gani a aiki. Akwai wata ƙungiyar 'yan kasuwar dankalin Turawa, masu ɗauko kaya daga wajen Bokkos da Mangu, da muka karɓi ragamar rumbunsu daga hannun wasu. An yanka teburin cinikinsu kashi-kashi, kowace rana da nata yanki. Shekara uku, yanki 1,095. Yanka tebur dabara ce mai kyau, domin idan tambaya ta ambaci kwanan wata, mai tsara hanya zai watsar da duk yankunan da ba su shafe ta ba. Amma rahoton da sakataren ƙungiyar ya fi so, na bashin da ke kan kowane dillali, bai ambaci kwanan wata ba. Saboda haka kowane yanki ya sami lambarsa kamar tebur mai zaman kansa, rukunin da dā bai cika kiret ɗaya ba ya koma kiret 18. Da muka sa umarnin EXPLAIN ANALYZE, wanda ke nuna lokacin tsarawa dabam da lokacin ɗebowa, sai muka ga tsara hanyar ya fi tafiyar kanta cin lokaci. Ba taswirar bit ce kaɗai sanadi ba, amma a irin wannan yanayi ne kowace ɓarna da ke cikinta take fitowa fili.

Gyara na farko da za ka gani a fayil ɗin ba shi da wata gwaninta, rowar aiki ce kawai. Aikin bms_overlap, mai duba ko rukuni biyu sun yi tarayya, ba ya gina rukunin tarayyar sannan ya leƙa ko da abu a ciki. Kiret-kiret yake bi, da ya ga wuri ɗaya da & ya ba da abin da ba sifili ba, sai ya ce eh ya fita. Kuma iyakar tsawon gajeren yake tsayawa, tunda bayan nan babu inda za su haɗu. Mai haɗe rukunai, bms_union, dogon yake kwafewa sannan ya zuba gajeren a kai. Mai fitar da tarayya, bms_intersect, gajeren yake kwafewa, domin amsa ba za ta taɓa fin gajeren tsawo ba. Sannan waɗannan biyun kowannensu na da ɗan'uwa da ke yin aikin a kan rukunin da aka miƙa masa ba tare da neman sabon wuri a ma'ajiya ba in hakan zai yiwu, kamar bms_add_members da bms_int_members. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa neman wuri da mayar da shi ya fi lissafin kansa tsada, kamar mutumin da zai je kasuwa sayen sabon kiret duk lokacin da zai sauya wa ƙwai biyu wuri.

Na biyu shi ne wanda ke burge matasan masu kod, dabarun wasa da bit. Ɗauki 01011000 ɗin nan, wato 88. Rage ɗaya, ka sami 87, wato 01010111. Yi musu &, sai ka ga 01010000. Ƙwan da ya fi kusa da dama ya ɓace, sauran na nan. Ka maimaita har kiret ya zama fanko, adadin maimaicin shi ne adadin ƙwan. Peter Wegner ne ya wallafa wannan dabara tun 1960. 'Yar'uwarta kuma, yin & tsakanin lamba da kishiyarta mai alamar ragi, tana ware ƙwan dama shi kaɗai, kuma da ita fayil ɗin ke gane ko ƙwai ɗaya ne tak a kiret ko fiye.

Shekaru da dama PostgreSQL na ƙirga ƙwai ne da jadawali. An riga an lissafa amsar kowane tsari da bit takwas za su iya ɗauka, 256 ne, an ajiye, sai a riƙa yanka kiret bit takwas-takwas ana leƙa jadawalin. Amma masu ƙera firosesa sun zo sun saka umarnin da ke yin ƙirgar gaba ɗaya, mai suna POPCNT, wanda AMD ta fito da shi a 2007, Intel kuma a 2008. Akwai kuma umarnin da ke faɗin gurbin ƙwan farko daga dama ko daga hagu. A sigar 12, wadda ta fito a watan Oktoban 2019, PostgreSQL ya fara amfani da su, kuma a sigar ce aka faɗaɗa kiret daga gurbi 32 zuwa 64 a kan kwamfutocin da za su iya. Jinkirin ba sakaci ba ne. Manhajar na aiki a kan injina iri-iri, tsofaffi da sababbi, don haka sai da aka tanadi hanyar da za ta tambayi firosesa ko tana da umarnin, in babu ta koma tsohuwar hanya.

Duk wannan na da kyau. Amma gyaran da ya fi ƙayatar da ni, wanda kuma nake ganin ya fi cancanta mai koyo ya zauna a kansa, babu umarnin firosesa ko ɗaya a cikinsa. Ƙa'ida ce aka kafa.

Koma kan misalin 200. A ce rukuni na ɗauke da 5 da 200. Yana buƙatar kiret huɗu. Sai aka cire 200. A tsohon tsari, kiret huɗun na nan, na farko da ƙwai ɗaya, uku babu komai. A gefe kuma ga wani rukuni da tun asali 5 kaɗai aka sa masa, kiret ɗaya. A ma'ana abu ɗaya ne, a siffa sun bambanta. Wannan bambancin siffar kowane aiki sai ya biya kuɗinsa. Mai duba daidaito, bms_equal, ba shi da damar cewa tsawonsu ya bambanta saboda haka ba ɗaya ba ne. Dole ya kwatanta iya tsawon gajeren, sannan ya bi ragowar dogon yana tabbatar da duk fanko ne. Mai duba ko rukunin A na cikin B shi ma haka. Mai fitar da lambar shaida ta rukuni, wadda ake amfani da ita a nemo haɗin da aka riga aka gina, sai ya fara laluben inda ƙwan ƙarshe yake kafin ya yi lissafi, in ba haka ba rukuni ɗaya zai sami shaida biyu. Hatta tambayar da ta fi kowace sauƙi, shin rukunin nan fanko ne, sai an ɗaga kowane kiret an leƙa. Ka ƙaddara dillalin da ake lodin motarsa da fankon kiret a bayan kaya, kuma a kowane shinge sai an sauke an ƙirga.

A mataki biyu aka kawar da wannan. A watan Maris na 2023 Tom Lane, ɗaya daga cikin daɗaɗɗun masu kula da kod ɗin, ya shigar da sauyin da ya wajabta cewa rukunin da babu komai a cikinsa siffa ɗaya ce da shi: NULL, wato babu shi kwata-kwata a ma'ajiya. Wannan ya fito a sigar 16, a Satumbar 2023. Daga nan tambayar ko fanko ne ta zama kallo ɗaya. Bayan 'yan watanni David Rowley ya shigar da na biyu, wanda ya fito a sigar 17 a Satumbar 2024: ba a yarda rukuni ya ƙare da fankon kiret ba. Kiret ɗin ƙarshe dole ya kasance da ƙwai aƙalla ɗaya.

Dubi abin da ya biyo baya. Idan tsawo ya bambanta, rukunan ba ɗaya ba ne, an gama, ba a taɓa kiret ko ɗaya ba. Idan A ya fi B tsawo, to yana da wata lamba da B ba shi da ita, ba zai yiwu ya zama cikinsa ba, an gama. Lambar shaida kai tsaye ake lissafa ta. Kuma tunda duk rukunin da ba NULL ba tabbas yana da kiret aƙalla ɗaya, zagayen da ke bin kiret ba ya buƙatar fara tambayar ko akwai abin bi. Ba a sa firosesa ta ƙara gudu ba. An dai ɗauke mata aikin da tun farko bai kamata ta yi ba.

Kowane allazi da nasa amanu. Yanzu duk aikin da ke iya rage ƙwai, cirewa ko fitar da tarayya ko bambanci, dole ya riƙa lura da kiret na ƙarshe mai ƙwai, ya datse abin da ke bayansa, in kuma komai ya ƙare ya saki wurin ya mayar da NULL. An ƙara wa masu ragewa ɗan nauyi don a sauƙaƙa wa masu dubawa. Cinikin ya yi riba ne saboda a wurin mai tsara hanya, dubawa ta fi ragewa yawa nesa ba kusa ba. A wata manhajar da ke yawan cirewa tana ƙarancin kwatantawa, lissafin na iya juyewa, kuma wanda ya kwafi dabarar ba tare da ya san yanayin nasa aikin ba zai iya yin asara.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. A dā, mai kod zai iya kiran bms_del_member, mai cire lamba daga rukuni, ya manta bai karɓi abin da ya mayar masa ba, kuma babu abin da zai faru, tunda rukunin na nan inda yake. Bayan sabuwar ƙa'ida, idan lambar da aka cire ita ce ta ƙarshe, an saki wurin, shi kuwa yana nan riƙe da adireshin gidan da aka rushe. Irin wannan kuskure ba ya nuna kansa kullum. Sai ya yi wata da watanni a ɓoye, ranar da ya tashi ya kayar da manhaja ko, mafi muni, ya ba da amsar da ba daidai ba. Shi ya sa sauyin bai tsaya a fayil ɗaya ba. Sai da aka bi wuraren da ake kiran ayyukan nan aka gyara, aka ma cire wani tsohon aiki mai suna bms_first_member, wanda ke cinye rukuni yayin da yake karanta shi. A ginin gwaji, ayyukan na tabbatar da cewa rukunin da aka miƙo musu ya cika ƙa'ida kafin su taɓa shi. Akwai kuma wani zaɓi mai suna REALLOCATE_BITMAPSETS, wanda da gangan yake sauya wa rukuni wuri duk lokacin da aka gyara shi, don duk mai riƙe da tsohon adireshi asirinsa ya tonu tun a ɗakin gwaji. Wannan bangaren aikin ba shi da armashi, ba kuma shi ake yabawa ba, amma in babu shi saurin da aka samu bashi ne da za a biya daga baya.

A nan ɗalibar tawa ta yi tambaya ta biyu: "To Yaya, tunda abin na da sauri haka, me zai hana a riƙe kowane rukuni da shi?" Abin da zai hana shi ne tazara. Taswirar bit tana biyan kuɗin kowane gurbi, ko da ƙwai ko babu. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN lambobi 11 ce. In ka ce za ka ware gurbi ga kowace lamba mai yiwuwa, gurbi biliyan 100 ke nan, gigabayit 12.5, ko da mutum goma kawai kake son riƙewa. Taswirar bitmapset.c an yi ta ne don ƙananan lambobi masu kusa da juna, kuma a nan take da ƙarfi.

Ga manyan rukunai, PostgreSQL na da wata taswirar dabam, wadda ke nan tun sigar 8.1 ta 2005. Idan tambaya na da sharaɗi biyu, a ce dillalan Farin Gada kuma waɗanda ake bi bashi, kowane sharaɗi da fihirisarsa, wato jerin da ke nuna inda layukan suke a tebur, sai a tattaro wuraren layukan da suka dace daga kowace fihirisa zuwa taswira, a yi musu &, sannan a je tebur a karanta shafukan a jere yadda suke kwance a faifai, maimakon tsalle nan da can. Taswirar ba ta ware gurbi sai ga shafin da aka taɓa. Shafi kilobayit 8 ne, kuma ba ya ɗaukar layi fiye da 291. Idan taswirar ta yi girman da ya wuce ma'ajiyar da aka yarje mata, wadda work_mem ke ƙayyadewa kuma a asali megabayit 4 ce, sai ta sassauta: maimakon ta tuna layi kaza a shafi kaza, sai ta tuna shafin kawai da bit ɗaya. Daga baya a sake tantance kowane layi na shafin. An rage ma'ajiya, an ƙara aiki, amsa ba ta canza ba.

Wata hanyar da ta yaɗu a wajen PostgreSQL ita ce Roaring, wadda Daniel Lemire na Kanada da abokan bincikensa suka fara wallafawa a 2014, kuma manhajoji irin su Lucene da Druid da Spark da ClickHouse ke amfani da tsarinta. Ana yanka lambobi sashe-sashe, kowane sashe mai lamba 65,536, kuma sashen da babu kowa a ciki ba a ajiye shi sam. Kowane sashe da irin mazubinsa. In mambobinsa ba su wuce 4,096 ba, a jere ake rubuta su, kowace lamba bayit biyu. In sun wuce, a koma taswira. Iyakar ba zaɓin son rai ba ce: taswirar gurbi 65,536 bayit 8,192 take ci, jerin lamba 4,096 mai bayit biyu-biyu shi ma 8,192 ne, daidai inda ɗaya ya daina fin ɗaya araha. Daga baya aka ƙara mazubi na uku don lambobin da suka biyo juna ba yankewa, a rubuta mafari da tsawo kawai. Wajen fitar da tarayya kuma kowane haɗi da hanyarsa. Taswira da taswira, & a kan kiret 1,024. Jeri da taswira, a bi jerin ana leƙa gurbin kowace lamba. Jeri da jeri, a bi su kafaɗa da kafaɗa, in ɗaya ya fi ɗaya tsawo sosai a riƙa tsallake. Sashen da ke gefe ɗaya kawai kuwa ko buɗe shi ba a yi.

Saura maganar da nake yawan ji daga matasanmu masu zafin nama, ta umarnin da ke ɗaukar kiret da yawa lokaci guda. AVX-512 na ɗaukar bit 512, kiret takwas a damƙa ɗaya, kuma sigar 17 ta fara amfani da shi wajen ƙirga bit a dogayen jeri. A mazubin Roaring mai kiret 1,024, irin wannan umarni na da gurbi sosai. Amma a wurin mai tsara hanya, yawancin tambayoyi ba sa kai tebur 64, rukuninsu kiret ɗaya ne tak. Kafin ka gama tambayar firosesa ko tana da umarnin, ka shirya kayan, ka kula da ragowar da ba ta cika takwas ba, zagayen talaka ya riga ya gama ya tafi. Tirela ba ta da amfani ga mai kai kiret ɗaya maƙwabta. Saboda haka duk wanda ya kawo mini gyaran sauri, abu biyu nake nema ya nuna: tsawon rukunan da manhajar ke gani a ainihin aiki, da awon lokaci kafin gyara da bayansa, a kan ƙanana da manya duka, an maimaita sau da yawa. Gyaran da ya taimaki tebur mai yanki dubu amma ya ɗan jinkirta tambayar tebur uku asara ce, domin tambayar tebur uku ita ce abincin kowace rana.

Ɗalibar ta rubuta nata ɗan ƙaramin bitmapset a yaren C a makon da ya biyo. Gwajin farko da ya faɗi shi ne wanda na ba ta: sa 5 da 200, cire 200, kwatanta da rukunin da 5 kaɗai ke ciki. Kod ɗinta ya ce ba ɗaya ba ne, domin ta ɗauki gajeriyar hanyar kwatanta tsawo ba tare da ta datse fankon kiret a wajen cirewa ba. Layi huɗu ta ƙara gwajin ya wuce.

Su kuma 'yan dankali, mun ɗaga rumbunsu zuwa sabuwar siga, abin ya ɗan yi sauƙi. Sannan muka sake yanka teburin cinikin wata-wata maimakon rana-rana, muka kuma ware wani ɗan tebur da ke riƙe jimlar bashin kowane dillali, ana sabunta shi duk lokacin da aka shigar da ciniki. Shekara ukun ta koma yanki 36. Da su da sauran teburan da rahotannin ke taɓawa duk suka shige kiret ɗaya, har da sauran gurbi.